Injin niƙa gahawa: mai wuƙa ko mai haƙori?

Hajiya, kin ce an kawo miki tsarabar 'ya'yan gahawa soyayyu, kin je neman injin niƙa kika tarar da iri biyu: ƙaramin na lantarki mai araha, da na hannu wanda ya fi shi tsada alhali sai an juya shi. Kina tambaya me zai sa mutum ya sayi wahala da kuɗinsa. Duka biyun sun zauna a kicin ɗina, bari in faɗa miki abin da na gani.

Bambancin ba a wutar yake ba, a cikin injin yake. Mai arahar nan wuƙa ce a ciki, ƙanwar blanda, sara take yi ba niƙa ba. Ki kunna shi daƙiƙa 10 ki buɗe murfin, za ki ga gari mai laushi ya manne a jikin bango, tsakiya kuwa ɓarzajje ne kamar tsakin kaji. Idan ruwan zafi ya sauka a kan wannan haɗin, mai laushin yakan saki komai nasa nan take har ya yi ɗaci, manyan kuma ba su gama jiƙa ba, sai su ba da tsami-tsami. Kofi ɗaya, ɗaci da tsami a tare. Na daɗe ina zargin gahawar, ashe injin ne.

Na hannun kuwa, wato mai haƙori, tsarinsa ɗaya da injin niƙan unguwa. Haƙora biyu ne suke murƙushe ƙwayar a tsakaninsu, ba ta faɗowa sai ta kai girman ratar da kika bari. Kamar yadda kike ce wa mai inji ya ɗaure ko ya sassauta, haka nan akwai ɗan maɗauri a ƙasa da ake murɗawa yana ƙas-ƙas. Wannan shi ne abin da kuɗin yake saya: gari kai ɗaya, yau da gobe.

A cikin na hannun ma akwai mai haƙorin tangaran, irin Hario Skerton na Japan, da mai haƙorin ƙarfe, irin Timemore C2. Na tangaran ba ya tsatsa, ana iya wanke shi da ruwa, amma yana da nawa, hannu sai ya gaya miki. Na ƙarfen ya fi kaifi. Giram 18, wato abin babban kofi ɗaya, ina gamawa kafin butar ta tafasa. Sai dai cikinsa ƙarami ne, bai wuce ya ɗauki giram 25 ba. Ranar da baƙi shida suka zo mini, sau huɗu na cika shi, ina juyi ina hira, kafaɗa na ciwo.

To wa mai wuƙar ya dace da shi? Idan gahawarki irin ta 'yan'uwanmu na Sudan ce, wadda ake dafawa a jabana (ɗan tulun gahawarsu mai dogon wuya) da citta a sha da sukari sosai, ba ki da matsala. Su a turmi ma suke dakawa, kuma citta tana rufe aibi da yawa. Ki riƙa kunnawa kina kashewa, kina girgiza shi a tsakani. Amma ki ware shi. Na taɓa niƙa kanumfari a nawa, wata guda gahawata tana ƙamshin yajin mai jego.

Idan kuwa tacewa kike yi da takarda, ko tulun Faransa mai matsewa (French press, wanda ake danna matacinsa ƙasa) da ke son gari ɓarzajje, ko tukunyar moka (ƙaramar butar gahawa ta ƙarfe da ake ɗorawa a kan wuta) da ke son mai ɗan laushi, ki ɗauki na hannu mai haƙorin ƙarfe. Da asuba an ɗauke wuta ma ba ruwansa.

Akwai na lantarki mai haƙori, irin Baratza Encore mai matakin laushi 40, ga gidan da ake shan gahawa da yawa. Kuɗinsa ya ninka na hannun. In za ki sa a taho miki da shi daga Amurka, a duba bayansa tukuna: nasu na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu kuwa 220 zuwa 240, kina jona shi kai tsaye zai ƙone.