Wurin shayin da kafinta ya yi mini a lungun kicin: katakonsa ba ya son tururi

Lungun da ke tsakanin firij da taga a kicin ɗina ya daɗe ba ya ɗauke da komai sai tsofaffin bokitai da buhun gawayi. Na ce a mai da shi wurin shayi, ko maigida ya huta da neman sukari a ɗaki da finjali a kwandon wanke-wanke duk sanda abokan hirarsa suka zo bayan isha'i. Wani kafinta a wajen Sabon Gari, nan Maradi, ya karɓi aikin. Kuɗin dai kun san yadda suke yanka shi yanzu, ban tsaya dogon ciniki ba.

Ranar da ya kafa na yi murna ƙwarai. Tebur daidai ƙugu, kanta biyu a sama, ƙugiyoyin rataya kofuna, da akwati a ƙasa inda tukunyar gaz mai kilo 6 ta zauna daram. Ya huda ramuka a gindin ƙofar akwatin ba tare da na ce masa ba, ya ce gaz ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake taruwa, dole a ba shi hanyar fita. Wannan ya burge ni. Na jera ganyen shayi ɗan Sin, Lipton, Nescafé, citta, kanumfari da madarar gari, har na ɗauki hoto na tura wa ƙanwata a Tasawa.

To, sai damina ta kama. Kantar ƙasa ashe dab da bakin buta ya kafa ta, tazarar ba ta wuce taƙi ɗaya ba, shayi kuwa irin namu ba tafasa ɗaya ba ne. Na farko, na biyu, na uku, buta tana kan wuta tana huci, tururin duka a cikin katako yake ƙarewa. Cikin watan Agusta na ga gefen ya kumbura, fatar da aka manna a kai ta fara ɗagowa. Da na leƙa ciki sai na ga ba falanki ba ne sam, garin katako ne da aka danne da gam, irin wanda in ya sha laima yake tashi kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ƙusa ba ta sake riƙe shi. Alhali da bakinsa ya ce mini, "Hajiya, wannan har jikokinki."

Wata safiya bayan sallah na ɗora ruwa, na juya in ɗauko cokali, sai ji na yi rugum. Kanta ta zube a kan buta. Finjalan da surukata ta kawo mini tsaraba daga Makka, masu zanen ruwan zinari, ko ɗaya bai tsira ba. Ruwan zafi ya watsu har bakin ƙofa, inda ƴar autata take tsayawa kullum tana jiran madararta. Allah ne ya sa ranar ta makara. Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake yi. Sukari ya jiƙe, kwalbar Nescafé ta fashe, kafin in gama share gilas kiyashi sun cika wurin.

Na kira shi. Da ya zo ya duba, sai cewa ya yi, "Hajiya, ai katako ba ya son ruwa." Na ce, "Malam, wurin shayi na ce ka yi mini. Shayi da me ake dafa shi?" Ya yi shiru, can kuma ya ce in ƙara jika goma ya sauya kantar. Ko sannu bai ce ba a kan finjalan.

Daga nan ne sauran abubuwan da na haɗiye suka dawo mini. Ya karɓi rabin kuɗi ya ɓace har sai da maigida ya je shagonsa da kansa. Aljihun teburin tun ranar farko sai an jijjiga yake buɗewa. Na roƙe shi ƙofar gilas saboda ƙurar hunturun Maradi, ya ce ba sai an yi ba. Wayar wutar da ya ja mini siririya ce, alhali butar lantarki tana jan wat 1,500 zuwa 2,000, shi ya sa kan soket ɗin ya yi baƙi ya fara warin roba, na daina amfani da shi gaba ɗaya.

Yanzu mai walda ya yi mini kantar ƙarfe, ya ɗaga ta sama sosai, magini kuma ya shimfiɗa karo, wato tayil, a kan teburin. Akwatin gaz da ƙugiyoyin na bar su, don su kam ba su da laifi. Amma ba zan sake ba wannan kafinta aiki ba, kuma maƙwabciyata da ta nemi lambarsa na ce mata ta fara zuwa ta ga kumburarren katakon da idonta.