Intanet ɗin cikin jirgi ya yanke mini a tsakiyar Atilantika

A watan jiya na tashi daga Gombe zuwa Abuja, na bi ta Turai zuwa Amurka domin wani taron aiki, kuma tafiyar ta faɗo daidai ranar da za a yi wa mahaifinmu tiyata. Baba da kansa ya ce in je, saboda haka ina shiga jirgin da zai ƙetare teku na biya kuɗin intanet na tafiyar gaba ɗaya domin in riƙa jin halin da ake ciki a gida.

Da farko na yaba ƙwarai. Muna can sama saƙon ƙanwata ya shigo ta WhatsApp cewa, "Yaya, an shiga da Baba, ka taya mu da addu'a," na amsa mata, amsar kuma ta tafi nan take. Bayan mun bar gaɓar Ayalan da kamar awa guda sai komai ya tsaya cak, na yi awa uku ina duba waya, hankalina a tashe.

Ma'aikaciyar jirgin ta yi mini bayani cikin ladabi cewa intanet ɗin fasinja yana bi ne ta tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita kusan 36,000, kuma yakan yanke idan jirgi yana sauya tauraro ko na'urarsa ta sami matsala. Na tambaye ta ko matuƙan ma sun yanke da duniya, domin na tuna jirgin da ya taso daga Riyo zuwa Faris a 2009 ya faɗa wannan teku, ba a gano babban ɓangaren ɓaraguzansa a ƙarƙashin ruwa ba sai a 2011. Ta ce hanyarsu daban take: a inda rada, na'urar da ke hango jirage daga ƙasa, ba ta kaiwa suna amfani da rediyo mai gajeren zango da rubutaccen saƙo zuwa masu kula da zirga-zirga na Ganda a Kanada da na Shanwik, cibiyar da ke kula da ɓangaren tekun da ke kusa da Ayalan da Birtaniya, suna kuma magana da jiragen da ke kusa a kan mita 123.45. Wannan ya kwantar mini da hankali, har na fara yi wa kamfanin uzuri.

Amma da na hango wani jirgi ta taga yana bin layin da ke gefen namu, sai ɓacin raina ya dawo. Ɗaruruwan jirage ne ke jeruwa a kan wannan hanya kullum, kuma masu bincike sun daɗe suna nazarin yadda saƙo zai riƙa tsallakawa daga jirgi zuwa jirgi har ya isa tudu, amma ni da na biya kuɗi ba a ko gargaɗe ni cewa layin zai iya yankewa ba.

Sai da muka kusa Kanada saƙon ya shigo cewa an fito da Baba lafiya, ashe tun awa biyu da suka wuce ta aiko shi. Na nemi a mayar mini da kuɗina, yau mako uku ke nan ba amsa, kuma ba zan sake saya ba sai sun rubuta ƙarara inda layinsu yake yankewa.