Hanyoyi Biyu na Gano Inda Abu Ya Kai

A ce abu ya tashi da gudun mita 3 a sakan zuwa gabas, kuma gudunsa na ƙaruwa zuwa arewa da mita 2 a sakan kowane sakan. Bayan sakan 4, nawa ne tazararsa kai tsaye daga inda ya tashi?

Hanya ta farko tana lissafa kowace fuska daban da s = ut + ½at² (s tazara, u gudun farko, a ƙaruwar gudu, t lokaci). Gabas mita 12, arewa mita 16, ka'idar Faitagoras, wadda ke ba da tsawon gefe mafi tsawo na alwatika mai kusurwar digiri 90, ta haɗa su: mita 20.

Ta biyu tana bi ta matsakaicin gudu. Na gabas bai canza ba, 3 ne. Na arewa ya tashi daga 0 zuwa 8, tsakiyarsa 4. Haɗa su da ka'idar Faitagoras ka samu 5, sau sakan 4, mita 20 ɗin dai. Ta fi sauri, amma nan ɗalibai ke faɗawa rami: su tara gudun farko 3 da na ƙarshe kusan 8.5 (haɗin 3 da 8 ta ka'idar Faitagoras), su raba biyu, su ninka sau sakan 4, sai su tashi da kusan mita 23. Sun manta hanyar ta lanƙwasa, fuska ta juya.

Ni dai ga mai koyo ta farko na fi so, ko da ta fi cin takarda.