Wurin da ya taimaki ɗiyata zaɓen fannin karatu

Da ɗiyata ta samu bak, wato takardar kammala sakandare, mun kwana uku muna ja-in-ja. Ita tana son aikin kula da yara, ni ina hangen fannin lafiya. Maƙwabciyata ta nuna mini wani ɗan ofis a Zango mai ba ɗalibai shawara da cika musu takardu a intanet, muka hau kabu-kabu muka je.

Saurayin da ke wurin ya burge ni. Bai yi gaggawar buɗe kwamfuta ba, sai da ya tambaye ta abin da take so. Ta ce ƙananan yara, musamman masu tamowa da take gani a unguwa. Ya ce, "Hajiya, ai ku biyu hanyarku ɗaya ce." Ya bayyana mana cewa Jami'ar André Salifou tana da sashen kimiyyar lafiya, ga kuma makarantar ENSP nan cikin Damagaram da ke horar da ma'aikatan jinya da ungozoma, inda awon ciki, rigakafi da abincin yara suke cikin karatun. Wallahi ban taɓa kallon abin haka ba.

Ƙanenta mai son ƙwallo ya sa baki, aka ce masa horon malaman wasanni sai makarantar INJS ta Yamai. Nan kam bayanin bai yi zurfi ba.

Abin da ya ɓata mini rai: wuta ta ɗauke, ba su da janareto, muka yi kusan awa biyu a zaune cikin zafi. Duk da haka zan kai ƙanen idan lokacinsa ya yi.