Kamun kifin king a Homer cikin hunturu: jirgin ya yi, amma ina farin kifina?

Duk wanda ya zauna a birnin Anchorage na jihar Alaska a Amurka ya san yadda hunturu ke kulle mutum a ɗaki. Shi ya sa da wani abokin aikina ya ce mu haɗa kuɗi mu yi hayar jirgin kamun kifi a garin Homer da ke bakin teku a watan Fabrairu, ban yi gardama ba. Kuɗin dai kun san shi, ba na wasa ba ne, ga lasisi, ga sitam ɗin da ake saya daban saboda kifin king, wato wani babban nau'in kifin salmon.

Gaskiya kyaftin ɗin ya san aikinsa. Tun gari bai gama wayewa ba muka bar tashar da ke bakin Homer Spit, wani siririn tudu da ya miƙe cikin ruwa, muka shiga mashigin tekun Kachemak Bay. Ɗakin jirgin da ɗumi, ga kofi ba ya yankewa, kuma da lokacin Azahar ya yi, da kansa ya kawar da kaya ya ba ni wuri. Wannan ya burge ni. Yaron jirgin ne ke saka ƙananan kifin herin a ƙugiya, ya maƙala zaren a jikin wani curin dalma da ke nutsar da shi ƙasa, jirgi na tafiya a hankali kamar mai jan ƙafa. Kai dai naka ido a kan sanda. Da kifi ya fizga, zaren ya ɓalle daga dalmar, sanda ta miƙe tsaye, sai kokawa.

Kifin hunturu ba irin manyan nan ba ne da ake ba da labarinsu, irin mai kilo 44 da aka kama a kogin Kenai a 1985. Na hunturun ba su kai lokacin komawa kogi don yin ƙwai ba tukuna, suna kiwo ne a teku, da yawansu ma daga can British Columbia ta Kanada da jihar Washington suka taso. Saboda haka duk jikinsu mai ne. Nawa ya kusa yanke mini hannu kafin ya shiga koma.

To, a nan maganar take. Da yaron ya tsaga kifina, tsokar ba ja ba ce, fara ce sol. Kyaftin ya bar sitiyari ya zo ya leƙa, ya dafa ni ya ce na yi sa'a, farin king ne. Ya yi mini bayani cewa jan da ake gani a tsokar salmon daga ƙananan jatan landen da yake ci ne, amma akwai waɗanda tun halitta jikinsu ba ya riƙe launin, kuma ba kullum ake samun su ba. Sauran mutanen jirgin har hoto suka yi da shi. Ni kuwa har na gama lissafin wa zan gayyata da yadda za a gasa shi, ba tare da an cika masa yaji ba.

Da muka dawo tasha, sanyi ya hana kowa tsayawa. Aka miƙo mana ledoji a ɗaure, na ba yaron tukuicinsa da hannu biyu, muka kama hanya. Sai da na isa gida cikin dare, bayan tuƙin sama da awa huɗu a kan ƙanƙara, na kwance leda. Ja! Duka ja. Ko yanki ɗaya na farin babu.

Washegari na kira. Matar da ta ɗauka ta ce ai a kan tebur ɗaya ake yanka na kowa, wataƙila an samu musaya, kuma nauyin da aka ba ni bai gaza nawa ba. Nauyi na tambaya? A jirgin nan kaf farin kifi ɗaya aka kama, kowa ya ga wanda ya jawo shi, ta yaya zai ɓace a tebur? Ko alama ba sa sa wa kifin mutum. Ta ce za ta gaya wa kyaftin ya kira ni. Har yau shiru.

Da raina ya ɓaci ne ma na fara tuna sauran. Safar hannun da suka ce akwai a jirgi, jiƙaƙƙu muka tarar. Abokina da jiri ya kama, ba wanda ya ko tambaye shi yaya jiki. Kuma an juyo da mu da wuri wai iska za ta taso, alhali teku lumui take har muka sauka.

Jan kifin ma ya yi daɗi, ba zan yi musu ƙarya ba, yara sun cinye har da suɗe faranti. Zan sake zuwa Homer, amma ba da su ba. In kuma kai ka nace sai su, ka tafi da ledarka da alƙalami, ka tsaya a kan yaron har ya ɗaure naka a gabanka.