OpenWrt a kan ƙaramar rauta: abin da na gani

Rautar da nake amfani da ita, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi a gida, tafin hannu ma ya rufe ta. GL-MT300N-V2 ce ta kamfanin GL.iNet, 'yar rawayar nan da aka fi sani da Mango. Da igiyar cajin waya take shan wuta, bolt 5, shi ya sa na bar ta jone da fawa banki dare da rana, ko an ɗauke wuta ba ruwanta. Ta zo da manhajar kamfani wadda aka gina a kan OpenWrt, amma na sauke ta na ɗora OpenWrt tsantsa.

Ga wanda bai san shi ba, OpenWrt Linux ne da aka rage wa nauyi domin ya zauna a cikin rauta. An fara shi a 2004, bayan Linksys ya saki lambobin manhajar rautarsa WRT54G kamar yadda lasisin GPL, mai sharaɗin a bayyana wa jama'a lambobin manhaja, ya wajabta. Kyauta ne, kuma masu sa kai ke kula da shi.

Abin da ya sa na riƙe shi hannu bibbiyu shi ne data. A da sai dai in ga ta ƙare tun wata bai raba ba, kowa a gida yana rantsuwa ba shi ba ne. Da na saka 'yar manhajar nlbwmon, sai ga kowace na'ura da abin da ta ci a rubuce. Ashe wata tsohuwar waya ce da ke kwana a caji take loda hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet cikin dare. Aka kashe wannan saitin, rigima ta mutu. Na ƙara adblock, tallace-tallacen da ke cika wasannin yara suka ragu sosai, ko da yake bai iya da na YouTube ba. SQM kuma, mai hana saukar da babban fayil shaƙe kiran WhatsApp, ya taimaka, sai dai a kan 4G da gudunsa ke hawa da sauka aikinsa bai kai yadda ake yabonsa ba.

Amma fa sai da haƙuri. Farkon kunnawa Wi-Fi a kashe yake zuwa, dole ka jona kebul, ka shiga 192.168.1.1, ka sa kalmar sirri, sannan ka kunna shi daga LuCI, shafin saitin OpenWrt. In kuma da wayarka ta Android za ka ba rautar intanet ta USB, sai ka sauke 'yar manhajar kmod-usb-net-rndis da ke sa ta gane wayar, kuma saukewar kanta tana bukatar intanet, don haka ka tanadi wata hanyar tun da wuri. Ma'ajiyarta megabayit 16 ce kacal, RAM 128, ba kowace manhaja da ta burge ka za ta samu wuri ba. Zangon Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai take da shi, wanda ya ishe mu a gida amma ba zai ɗauki shago mai cike da jama'a ba.

Mai shirin gwadawa da rautar da yake da ita ya juya bayanta ya karanta lambar samfuri har da sigarta, v1 ce ko v2, domin fayil ɗin wata sigar na iya kashe ta. Tsofaffin nan masu ma'ajiya megabayit 4 da RAM 32, irin yawancin TL-WR841N na kamfanin TP-Link, tun bayan fitowar sigar 19.07 aka daina fitar musu da sabon OpenWrt a hukumance, kada a saye su don wannan aiki.