GARGAƊI: Yadda aka damfare ni N11,800,000 a cinikin Hilux a nan Kano

Assalamu alaikum. Yau kwana 19 ke nan ina rubuta maganar nan ina gogewa saboda kunya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jiya da daddare yaron shagona ya nuna min hoton motar nan dai, an sake ɗora ta a Facebook da sabon suna da sabuwar lambar waya. Wato mutumin bai daina ba, wani yake nema. To ni ma na daina yin shiru. N11,800,000 ya karɓe min. Miliyan 11 da dubu 800, a yini ɗaya, tsakanin azahar da la'asar, ina tsaye da ƙafata a gaban motar, hannuna a kan bodinta.

Waɗanda suka san ni a Dawanau sun san ni ba yaro ba ne a kasuwa. Shekara 22 ina harkar riɗi da zoɓo da waken suya. Na sayi kaya a hannun mutanen da ban taɓa gani ba, na aika wa mutanen Legas kaya a kan amana, ban taɓa faɗawa hannun ɗan damfara ba. Ina faɗar wannan ne saboda masu cewa “ai banza ba ta kai zomo kasuwa, kwaɗayin araha ne ya ja ka.” Wallahi ba kwaɗayi ba ne. Ku bari ku ji yadda abin ya faru tukuna.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin hayar mota ya fi ƙarfina. Duk Alhamis ina Maigatari, Lahadi ina Dambatta, kuma kowane zuwa sai na ɗauki hayar Kanta ko a-kori-kura, direba ya yanka maka kuɗi son ransa, wani lokacin ma ya ce ba zai shiga hanyar ƙauye ba in an yi ruwa. Na zauna na yi lissafi, na ga gara in mallaki tawa. Kusan wata 5 ina kai-kawo a kan abu ɗaya: sabuwa ko tsohuwa? Na je na tambayi sabuwar Hilux dal a leda, aka faɗa min kuɗin da ko shagona da gidana na haɗa ban kai ba, ya haura miliyan 70. Dala da take wajen N460 kafin a saki naira ta zo ta wuce N1,500, to me kake tsammani? Na koma kan 'yar Beljiyom. Nan kuma tsorona takardun kwastan. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce maka 'yar Kwatano ce, sai ka bincika ta ina ta shigo da kuma ko an biya duti cikakke, in ba haka ba wata rana a tare ka a hanya a sauke ka da kayanka. Ni kuma kullum ina kan hanyar bakin iyaka. Shi ya sa na tsaya a kan wadda aka riga aka yi wa rajista aka hau a nan gida, mai injin fetur 2.7, wadda kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ko yanzu ka shiga Kofar Ruwa za ka samu. Mutumin da ya yi wannan dogon tunanin ne za a ce bai yi hankali ba?

Maganar da ta ci ni guda ɗaya ce, kuma har yanzu in na kwanta ita nake ji. Ranar farko da na kira shi na ce, “Alhaji, in na ga ta yi min zan ba da kafin alƙalami.” Sai ya ce, “A'a Alhaji, kada ka turo min ko kwabo. Ka je da bakanikenka ya duba ta ciki da waje. In ta kwanta maka a rai sai mu yi magana. Ni ba na son haƙƙin mutum.” Kada ka turo min ko kwabo. Don Allah wane ɗan damfara ne zai ce maka kada ka turo kuɗi? Duk labarin damfarar da na taɓa ji, gaggawa suke sa ka, su ce wani na zuwa da kuɗi yanzu. Wannan shi yake ce min in bi a hankali. Muryar dattijo, Hausarsa ta Kano tsantsa, in ya kira sai ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, har farashin riɗi ya sani. A nan na saki jiki. Na sani, a nan ne.

Af, ban faɗi yadda na same shi ba. Hoton motar na gani a Facebook, fara, ƙirar 2012, mai ƙofa 4, an rubuta miliyan 17. Muka yi ciniki ta waya kwana 3, na taya 14 ya ce albarka, na ƙara ya ce albarka, har ya sallama a miliyan 15 da rabi. Ku lura, ba a rabin kuɗinta ya sallama ba. Da ya ce miliyan 8 da tuni na gudu. Ya sa farashin daidai inda za ka ce ka yi sa'a, ba inda za ka yi zargi ba. Ya ce shi yana Abuja wurin aiki, motar tana gidan yayansa a Hotoro, kuɗin asibitin mahaifiyarsu ne ya sa zai sayar. Sannan ya ce, “Alfarma ɗaya nake nema. In ka je kada ka yi maganar kuɗi da Yaya. Shi so yake a sayar da tsada, in ya ji na rage maka rigima za mu yi, kuma Hajiya na kwance.” Wanda duk ya tashi a gidan yawa ya san irin wannan tana faruwa. Na ce ba komai.

Ranar Talata muka je, ni da bakanikena da ƙanina. Ga gida, ga mota a tsakar gida an wanke ta. Dattijo ya fito ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana ruwa, ya miƙo makulli. Bakanikena ya fi awa 2 a kanta. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi, ya goge ƙura da tsumma ya karanto lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ni ina riƙe da takardu ina bi ɗaya bayan ɗaya, duk suka yi daidai. Ya buɗe murfin baƙin mai injin na aiki ya ga ba hayaƙi. Ya leƙa lagireto. Ya bi bodi yana ƙwanƙwasawa da yatsa ko an taɓa yin haɗari da ita an cike. Muka hau titin bayan gari muka taka ta, ya gwada birki, ya gwada giyar taya huɗu a kan wani tudun ƙasa. Da muka dawo ya ja ni gefe ya ce, “Maigida, in ka bar motar nan ka yi asara. Kuloci kawai za mu canza nan gaba.” Mota lafiyarta ƙalau. Takardu na gaske. Abin da nake so ku gane ke nan: komai na gaske ne, mutumin da ke waya ne kawai na ƙarya.

Kuma akwai lokacin da na kusa tsira. Muna tsaye da dattijon a inuwar darbejiyar ƙofar gidansa, yana ba ni labarin yadda ya je Maiduguri da ita sau biyu ba ta taɓa ba shi matsala ba. Maganar ta zo min har bakina, in ce, “Baba, nawa ne ma kuka tsayar?” Wallahi har na buɗe baki. Sai na tuna alƙawarin da na yi, na tuna an ce tsohuwa na kwance a asibiti, na haɗiye. Kalma shida. Da na furta su da N11,800,000 ɗina suna nan. Kullum sai na koma ƙarƙashin bishiyar nan a raina, in ga kaina ina buɗe baki ina rufewa. Kara na yi wa mutum, kara ta jawo min.

Muka yi azahar a masallacin layin, har da dattijon a sahu ɗaya. Ina fitowa waya ta shigo. “Alhaji, ta yi?” Na ce ta yi. Ya ce in tura abin da ya sawwaƙa, ragowar in an yi takardar canjin mallaka. Ya turo lambar asusu. Eh, na ga sunan ba nasa ba ne, kuma na tambaya, kada wani ya ce ban tambaya ba. Ya ce na matarsa ne, nasa yana da iyakar abin da zai iya karɓa. Mu a kasuwa sau nawa ake ba ka asusun yaro ko na ɗan'uwa ka tura? Kullum ne. Na tura miliyan 5 daga banki ɗaya, miliyan 5 daga ɗaya bankin, ƙanina ya tura miliyan 1 da dubu 800 daga nasa. N11,800,000. Ya kira ya ce ya gani, Allah ya sa albarka, Allah ya tsare hanya, bari ya kira Yaya ya ba ni takardun asali.

Muka zauna a kan benci muna jira. Minti 20, minti 40. Na kira, ana amfani da layin. Na sake kira, a kashe. Na je na ce wa dattijon, “Baba, ƙaninka ya kira ka kuwa? Na tura masa kuɗin.” Ya dube ni ya ce, “Wane ƙanin nawa? Ba yaronka ba ne?”

Ashe shi ma abin da aka faɗa masa daban. Dattijon ya sa motarsa a kasuwa miliyan 19 da rabi. Mutumin ya kira shi ya ce shi dillali ne, zai turo maigidansa ya duba, amma don Allah kada a yi maganar kuɗi a gabansa saboda ya ɗora la'adarsa a kai. Shi aka ce ya yi shiru, ni aka ce in yi shiru, muka yini tare muna ta mutunta juna, ɓarawo yana can yana jira. Bai taɓa ganinsa ba, ni ma ban taɓa ganinsa ba. Hotunan ma daga tallan dattijon ya kwashe su. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ƙanina ya fara ɗaga murya yana cewa haɗin baki ne, mutanen layi suka taru, dattijon ya shiga gida ya ɗauko wayarsa hannunsa na rawa ya nuna mana saƙonnin. Lamba ɗaya ce da wadda ke kirana. Ina roƙon kada kowa ya zagi bawan Allahn nan, ni na ga idonsa a lokacin, kuma da ƙafarsa ya bi mu ofishin 'yan sanda ya ba da bayani.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin ranar, daren Litinin, sai da ya kira ni ya ce in zo da bakanike “mai gaskiya, ba wanda zai karɓi na goro ya rufe ido ba.” Ku ji fa. Shi yake koya min yadda zan kare kaina.

Washegari da sassafe ina banki. Aka duba aka ce kuɗin ba su yi awa ɗaya a asusun ba, an rarraba su zuwa wasu asusun, an cire wasu ta POS. Aka ce in kawo takardar kotu, na kawo, ana kan bincike, ban fid da rai ba amma na san yadda irin wannan take ƙarewa. Kuɗin nan ba tsintarsu na yi ba. Filina na Rijiyar Zaki na sayar, wanda na ce na yara ne. Miliyan 1 da dubu 800 na ƙanina ne, aurensa yake tarawa. Uwargida kuma ta ciro sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal da kanta ta ce, “Alhaji, ka cika ka saya, in mota ta fara aiki ka mayar min.” Kwana 2 ban iya faɗa mata ba. Da na faɗa ba ta ce komai ba sai innalillahi, ta tashi ta kawo min abinci. Da ma faɗa ta yi min, da ya fi min sauƙi.

Masu cewa da sabuwa na saya a kamfani da haka ba ta faru ba, na ji, amma da wane kuɗin? Tsohuwar ba ta da laifi, har gobe in na samu hali irinta zan saya. Masu cewa ni ne sakarai kuma, Allah kada ya jarrabe ku da irin muryar nan.

In za ka sayi mota, ka tambayi wanda makulli ke hannunsa nawa ne, baki da baki, ko an ce kada ka tambaya. Sunan da ke takarda, shi ne mutumin da ke gabanka, shi ne sunan asusun. In ɗaya ya saɓa, ka tashi. Shi ke nan.

Ina da komai a waya: hirarmu ta WhatsApp, saƙonnin murya guda 14, rasit 3 na banki, da tallan farko da na jiya. Mai binciken ya ce in dakata da sakin lambar asusun, amma hotunan hirar da muryarsa zan ɗora su yau bayan isha'i in sha Allahu, ku saurara da kyau ko wani zai gane shi. Farar Hilux ce, 2012, akwai ɗan karce a gambun baya na hagu, yanzu ya rubuta miliyan 16 ya ce motar tana Kaduna. Duk wanda ya taɓa magana da shi, ko shi ma aka yi masa irin wannan, ya yi min magana ta akwatin saƙo, ba zan faɗi sunansa ba. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba, N11,800,000 ɗina da sarƙar matata sai mun tsaya da shi a gaban Allah. Gobe Alhamis, da asuba zan je tasha in nemi hayar Kanta zuwa Maigatari.